Gansakuka Ta Gamu da Gamonta

Jama'a, ku bar ni in yi ta yabon rifujiyam har sai kun gaji da ni! Duk mai kiwon murjani a tankin ruwan gishiri ya san ciwon kan gansakuka: ka kankare gilashi yau, jibi ta dawo koriya shar, ta lulluɓe duwatsu, ta shaƙe murjanin da ka zuba wa kuɗi. Abincinta naitiret ne da fosfet, masu fitowa daga kashin kifi da ragowar abin da ka ba su. Shi kuwa rifujiyam ɗan ƙaramin tanki ne, galibi a ƙarƙashin babban, ruwa ɗaya ke zagaya su. A ciki kake renon ciyawar teku da gangan, ka kunna mata fitila, ta cinye abincin kafin muguwar ta samu. Kar ta san kar ke nan!

Gwanata a wannan fage ita ce Chaetomorpha. Dunƙulen koren zare ce kamar soson wanka, ba ta kama dutse, ba ta da rigima. In ta yi yawa ka yage rabi ka zubar, shi ke nan ka fitar da naitiret da fosfet da hannunka. Amma fa a riƙa yagewar, don in ta cushe, ta ƙasan za ta rasa haske ta ruɓe, ta amayar da duk abin da ta sha. Wasu sun fi son Caulerpa saboda saurin girma, ni kam ba na yi da ita. Tana iya yin fari dare ɗaya ta zazzage cikinta a ruwa. Wani nau'inta ne aka gano a Bahar Rum, gab da gidan adana halittun teku na Monako, a 1984, ya bazu ya addabi gaɓar ƙasashe da dama, har jihar Kalifoniya ta haramta nau'i tara a 2001.

Ga wata dabara mai daɗi: kunna fitilar rifujiyam da dare, lokacin da ta babban tanki ke kashe. Ciyawar za ta ci gaba da zuƙe iskar kabon da kifi ke fitarwa, ma'aunin pH ba zai faɗi sosai kafin asuba ba.

Sai yashi, kai, yashin nan! Ka shimfiɗa lallausan yashin aragonait mai zurfin santimita 10 zuwa 15. A sama, inda oksijin ke kaiwa, bakteriya na mayar da amoniya naitiret. Can ƙasa, inda oksijin ya yi ƙaranci, wasu bakteriyar daban na karɓar naitiret ɗin su mayar da shi iskar naitirojin, ta fice abinta. Ranar da ka fara hango ƙananan kumfa maƙale a yashi ta jikin gilashi, wallahi sai ka ji kamar ka yi guɗa. Masanin halittun teku Ron Shimek ya daɗe yana tallata wannan hanya, kuma ya dage cewa tsutsotsi da ƙananan halittu ne ke raya yashin. Kada dai ka tona shi da ƙarfi, domin akan samu gurbi mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, gubar da ke kashe kifi. Shi ya sa na fi son yashin ya zauna a rifujiyam, inda za a iya rufe famfo a raba shi da babban tanki.

Gyara a kan ciniki kuma, ƙananan ƙwarin ruwa na hayayyafa a nan ba mai cin su, su riƙa bin ruwa suna zama kalacin kifin mandarin.

Aiki ne na makonni, wani lokaci watanni. Ka rage yawan abincin kifi, ka riƙa gwada ruwanka, kada kuma ka bar naitiret ya koma sifili, don murjani ma na buƙatar kaɗan. Ɗan'uwa, in kana da wuri a ƙarƙashin tankinka, haɗa rifujiyam tun kafin ka sayi kwalbar maganin gansakuka ta gaba.