Gwajin Gwal Da Ruwa: Rabin Gaskiya Bidiyon Ya Faɗa

Akwai bidiyon da ke yawo a WhatsApp yana koya wa mata gane gwal na jabu a gida: ki auna sarƙa a sikeli, ki tsoma ta a ruwa ki ga yawan ruwan da ta ture, sai ki raba nauyin da wannan adadin. In ya ba da 19.3, wai gwal ne.

Tushen dabarar daidai ne, tun zamanin Arkimidis aka san ta. Santimita kiyub ɗaya na gwal giram 19.3 ne, na dalma 11.3, na jan ƙarfe 8.96. Wanda ya shafa wa jan ƙarfe ruwan gwal, nan take asirinsa zai tonu.

Amma ina tangstin? Nasa 19.25 ne. Tazararsa da gwal ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, kofin awon kicin ba zai taɓa gano ta ba. Shi ya sa 'yan damfara ke cusa shi cikin sandunan gwal, manyan dillalai kuma ke gwaji da na'urar sauti, don sauti ya fi gudu cikin tangstin.

Abin da ya fi damuna ma shi ne gwal ɗin da ke hannun yawancin mata ba zalla ba ne. Mai karat 21, kashi 87.5 ne gwal, sauran galibi azurfa da jan ƙarfe, don haka ba zai kai 19.3 ba. In awarwaro ne mai rami a ciki kuwa, iskar ciki za ta ƙara rage lissafin. Sai ki je ki kira ɗan kasuwa mai gaskiya ɓarawo.