Karta a Bakin Teku: Nazari kan Yawon Alfarma da Gasar Poka a Turai

Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, ɗaruruwan mutane kan sauka a filin jirgin saman birnin Nis da ke kudancin Faransa, su nufi Monako. Masu hali daga cikinsu ba sa bin mota, jirgi mai saukar ungulu ne ke kai su cikin mintuna bakwai. Abin da ya tara su karta ce, wato gasar poka ta Turai da ake kira EPT, wadda ake yi a wani katafaren zaure na bakin teku mai rufin da ake buɗewa a ga taurari. Masu tallata wannan tafiya suna sayar da ita ne a matsayin hutu da wasa a haɗe: otal na ƙasaita, abinci na sarakuna, iskar Bahar Rum, da kuma damar komawa gida da miliyoyi. Ni kuwa a ganina wannan alfarmar riga ce da aka ɗinka wa caca, kuma ɗinkin ya girmi poka a Turai nesa ba kusa ba.

Tarihin Monako kaɗai ya isa shaida. A shekarar 1848 garuruwan Menton da Roquebrune suka ɓalle daga masarautar, a 1861 kuma aka sallama wa Faransa su. Da su aka tafi da mafi yawan ƙasar noma, da harajin lemo da zaitun da gidan sarauta ke dogaro da shi. Fada ta shiga matsi, sai ta juya ga caca. A 1863 aka damƙa harkar ga François Blanc, wanda ya riga ya yi suna da gidan cacarsa na Bad Homburg a Jamus. A lura da sunan kamfanin da aka kafa: Société des Bains de Mer, ma'ana kamfanin wankan teku. Babu caca a sunan. Baƙo zai ce wa iyalinsa ya tafi shan iska da neman lafiya, alhali tebur ne ke jiransa. Blanc ya gane cewa attajiri ba ya son a gan shi yana shiga lungu, don haka aka gina otal ɗin Hôtel de Paris a 1864, jirgin ƙasa ya iso a 1868, daga baya aka ƙara da gidan waƙe da wasanni. Kuɗi suka kwararo har Sarki Charles na Uku, wanda unguwar Monte Kalo ta ci sunansa, ya soke harajin kai tsaye a 1869.

Poka ta zamani ta gaji wannan shimfiɗa ce kawai. Abubuwa biyu suka buɗe mata ƙofa. Na farko kyamara. A 1999 wani shirin talabijin na Birtaniya ya sa gilashi a jikin tebur da kyamara a ƙarƙashi, mai kallo ya riƙa ganin kartar da kowa ya ɓoye. Nan take wasan da a da kallonsa ke sa gyangyaɗi ya zama kamar wasan kwaikwayo, domin kana ganin mai burga yana tura dukiyarsa gaba alhali hannunsa ba komai. Na biyu intanet. A 2003 wani akanta daga jihar Tenesi ta Amurka, Chris Moneymaker, ya shiga babbar gasar duniya ta Las Vegas ta hanyar ƙaramar gasar share fage a shafin PokerStars, da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya fito da dala miliyan 2.5. Labarinsa ya zama jarin kamfanonin. A 2004 John Duthie, wani darektan talabijin ɗan Birtaniya da shi kansa ya taɓa cin fam miliyan ɗaya a poka, ya kafa EPT da goyon bayan PokerStars. An fara a Basalona, aka rufe zangon farko a Monte Kalo. Zaɓin biranen ba da ka aka yi shi ba, domin mai talabijin ya san hoton da ke jan ido.

Dole a yi wa wasan adalci. Poka ba ɗaya take da cacar da ake juya faifai a jira inda ƙwallo zai tsaya ba. A can da gidan cacar kake karawa, a nan kuwa 'yan wasa ne ke cin junansu, gida yana karɓar la'adarsa. Akwai lissafi a ciki, akwai haƙuri, akwai karanta fuska da numfashin abokin hamayya. Victoria Coren Mitchell, marubuciya 'yar Ingila, ta ci gasar Landan a 2006, ta sake ci a San Remo ta Italiya a 2014, ta zama mutum na farko da ya ɗauki kambin EPT sau biyu. Annette Obrestad 'yar Norwe ta ci fam miliyan ɗaya a Landan a 2007, saura kwana ɗaya ta cika shekara 19. Sa'a kaɗai ba ta bayyana irin wannan. Amma ƙwarewar 'yan tsiraru ita ce ainihin dalilin da ya sa baƙon da ya zo hutu ke cikin haɗari, domin shi ne abincinsu. A harshensu ma kifi suke kiran irinsa.

A duba lissafin. Kuɗin shiga babbar gasar EPT yuro 5,300 ne: mafi yawansu na shiga tukunyar da za a raba, sauran na masu shiryawa. Mu ƙaddara mutum 1,000 suka zauna. Kimanin 150 ne za su taɓa wani abu, kuma da yawa daga cikinsu abin da za su samu bai kai ninki biyu na zubinsu ba. Sauran 850 sun tashi a tutar babu, ga kuɗin jirgi, ga na otal a ɗaya daga cikin wurare mafi tsada a duniya. Babban kaso na can wurin mutum tara ko takwas da suka kai teburin ƙarshe, su kuma kyamara ke haskawa. Shafukan da ke adana tarihin 'yan wasa ma abin da mutum ya ci suke rubutawa, ba sa rubuta abin da ya zuba. Za ka ga an ce wane ya ci miliyan uku a rayuwarsa, ba a gaya maka nawa ya kashe kafin nan ba. Da yawa daga cikin ƙwararrun ma ba da kuɗinsu kaɗai suke wasa ba, suna sayar da kaso ga masu jari, wasu kuma bashin ubangida ne a wuyansu, sai sun biya asarar baya kafin su ga riba. Ganin kitse ake yi wa rogo.

Shi kansa yawon fa? Wannan ne ya fi ba ni tausayi. Gasa kan ɗauki kusan mako guda, ana zama tun daga azahar har tsakar dare, a ƙarƙashin fitilu, mutum ya toshe kunne, ya rufe ido da baƙin tabarau. Wanda ya daɗe a gasar ba ya ganin gari. Wanda ya samu lokacin zaga Basalona ko Firag kuwa shi ne wanda aka kora da wuri, yana tafe yana tuna hannun da ya kayar da shi. Kuma idan aka bar 'yan wasa na haƙiƙa da zaɓinsu, teku ba ta dame su ba. Daga 2017 gasar duniya reshen Turai ta yi shekaru ana yin ta a Rozvadov, wani ƙauye na Jamhuriyar Cek a bakin iyakar Jamus, inda babu abin kallo sai gidan cacar kansa, kuma dubbai sun riƙa zuwa. Ashe tekun da otal ɗin don sabon shiga aka tanade su, da kuma mai kallo daga nesa.

Mai kallon nan daga nesa har da matasanmu, masu ganin guntayen bidiyon nan a waya, an jibge kuɗi a kan tebur ana ɗaga kofi. Mu da muka tashi muna jin yadda addini ya haɗa caca da giya a hani guda, mun san ɗan caca da zama a lungu, yana ɓoye kartarsa idan ya hango dattijo. Abin da Turai ta yi shi ne fito da shi daga lungun, ta sa masa kwat, ta kira shi ɗan wasa. Zubin dai na nan yadda yake, haka ma hanyar da kuɗin ke bi daga aljihun masu yawa zuwa na 'yan kaɗan.

Su kansu masu masaukin sun san abin da suke sayarwa. Har yau dokar Monako ta hana 'yan asalin ƙasar yin caca a gidan cacar Monte Kalo, kuma ana duba takardun shaidar mutum a bakin ƙofa kafin a bar shi ya shiga.