Gudun Hoto da Zafin Garwa: Darasi Daga Tsohon Wasan Counter-Strike

Daga cikin ɗabi'un da suka shigo wa matasa masu buga wasannin harbi na kwamfuta da na waya a arewacin Kamaru akwai zura ido a kan wata 'yar lamba da ke kusurwar allo, wadda take nuna yawan hotunan da na'ura ke zanawa cikin sakan ɗaya, wato abin da 'yan wasa ke kira FPS. Ɗabi'ar ta biyo bidiyoyin YouTube da TikTok ne, inda ake ganin 'yan wasan Turai da Amurka suna alfahari da hotuna 300 ko 400 a sakan, har ta kai ana auna darajar na'ura da wannan lamba, wani lokaci ma da darajar mai ita. A gari irin Garwa kuwa, wannan lamba ce ya kamata ta zo ƙarshe cikin abubuwan da ɗan wasa zai kashe wa kuɗinsa, kuma tsohon wasan Counter-Strike, wanda ya haura shekara ashirin a duniya, ya isa hujja a kan haka.

Motsin da ido ke gani a allo jerin hotuna ne tsayayyu da ake sauyawa da sauri har ƙwaƙwalwa ta ɗauke su a matsayin abu mai tafiya, kuma fim ɗin silima ya daɗe yana wadatuwa da hotuna 24 a sakan. Wasan harbi ya fi fim buƙata, domin hannun ɗan wasa ne ke juya hoton, kuma duk ratar da ke tsakanin motsa linzami da ganin sakamakonsa tana iya raba wanda ya harba da wanda aka harbe. Ana auna wannan rata da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Na'urar da ke zana hotuna 30 tana ɗaukar kimanin milisakan 33 a kan kowane hoto, mai zana 60 tana ɗaukar kusan 17, mai zana 100 tana ɗaukar 10, mai zana 240 kuma 4 da ɗan ɗoriya. Ribar tana raguwa ne yayin da lambar ke hawa: wanda ya tashi daga 30 zuwa 60 ya ci ribar milisakan kusan 17, amma wanda ya tashi daga 144 zuwa 240, bayan ya zuba kuɗin da zai sayi babur, bai ci ribar milisakan uku cikakku ba. Ga kuma allon kansa, domin yawancin allunan da ke shagunan wasa da ofisoshi sau 60 kawai suke sabunta hoto a sakan, komai yawan abin da na'ura ta aiko musu. Adalci ne a ce hotunan da suka haura ƙarfin allo ba asara ba ne gaba ɗaya, tunda suna sa hoton da aka nuna ya zama mafi sabunta, amma wannan riba ce ta ƙwararren da ya riga ya gyara komai, saura ita kaɗai.

Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin gyaran da wasu matasa biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa wasan Half-Life na kamfanin Valve, wanda ya fito a 1998. Valve ya sayi wasan ya fitar da shi kasuwa a 2000, sannan a 2003 aka samu sigar 1.6, wadda har yau ake bugawa. Abin da wannan siga ke nema daga kwamfuta abin dariya ne a yanzu: furosesa mai gudun megahaz 500, ma'ajiyar aiki ta megabait 96, da katin hoto na megabait 16, wato ƙasa da abin da ke cikin wayar da ake saya wa yaro. Wani abin lura shi ne injin wasan, ma'ana ginshiƙin manhajar da ke lissafa motsi da tsalle da harbi, ya ɗaure wasu lissafe-lissafensa da yawan hotuna, don haka ƙwararrun wancan zamani suka riƙa ɗaure wasan a kan hotuna 100, ba su bari ya wuce ba. Irin wannan ya faru a wasan Quake III Arena na 1999, inda aka gano cewa wanda ya tsayar da na'urarsa a kan 125 yana ɗan fin saura nisan tsalle. Manyan 'yan gasar farkon ƙarnin nan sun yi wasa a kan tsofaffin alluna masu ƙugu, da hoto mai ƙarancin kyau na 800 da 600 ko ma 640 da 480, da gangan, saboda sun fahimci cewa hannu yana koyon nishin na'ura ne idan nishin bai canzawa. Lamba 100 da ba ta motsi ta fi 250 da ke faɗowa 40 a daidai lokacin da hayaƙin gurneti ya cika allo.

A nan ne yanayin Garwa ke shigowa, kuma shi ne abin da bidiyoyin waje ba su taɓa ambata. A watannin Maris da Afrilu zafin garin yakan haura digiri 40, furosesa kuwa an ƙera ta ne ta rage gudunta da kanta idan zafinta ya kusanci digiri 100, don kada ta ƙone. Kwamfutar da aka gwada a ɗaki mai sanyi a Jamus ta ba da lamba mai ban sha'awa za ta fara wasa lafiya a Garwa da ke bakin kogin Binuwai, amma bayan rabin awa hoton zai soma tsinkewa, mai ita kuma ya ɗora laifin a kan katin hoto ko kamfanin sadarwa. Yawancin kwamfutocin da talaka ke iya saya na gwanjo ne, irin Dell da HP da Lenovo da suka gama aiki a ofisoshin Turai, kuma duk wanda ya kwance murfin ɗaya daga cikinsu bayan hunturu ya san abin da zai tarar: ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya kamar audugar da aka taƙe, fanka tana juyawa da ƙara amma iska ba ta ratsawa, man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe ya zama kamar alli, yana farfashewa idan an taɓa shi da farce. Buroshi mai laushi, da na'urar hura iska, da sabon man sanyaya na 'yan kuɗi kaɗan suna dawo da gudun da mai kwamfutar ke shirin nema da dubban sefa. Abin murmushi ne cewa filin da ya fi shahara a wasan, de_dust2, wanda David Johnston ya zana aka fitar a 2001, sunansa da Turanci ƙura yake nufi, alhali ƙurar da ke kayar da ɗan wasan Garwa tana cikin akwatin da ke ƙarƙashin teburinsa.

Wutar lantarki ma tana da nata hukunci. Jihohin arewa uku, Adamawa da Arewa da Arewa Mai Nisa, sun daɗe suna dogara da madatsar ruwa ta Lagdo, wadda aka gina a kan Binuwai da taimakon ƙasar Sin aka kammala a 1982, mai ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwanta ya ja baya sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage raɗaɗin, amma katin hoto na zamani, wanda shi kaɗai yake iya jan wat 200 ko fiye, nauyi ne a kan ƙaramin janareta, kuma duk wutar da ya ja zafi take komawa a cikin ɗakin da dama ake gumi.

Babbar matsalar, wadda babu kuɗin ɗan wasa da zai magance ta, ita ce nisa. A wasan intanet akwai babbar na'ura da ake kira saba, wadda ita ce alƙalin da ke yanke wanda ya riga harbi, kuma lokacin da saƙo ke ɗauka ya je wurinta ya dawo shi 'yan wasa ke kira fing. Haske yana tafiyar kimanin kilomita 200 a kowace milisakan a cikin wayar gilashi, saboda haka kowane kilomita 1,000 yana cin milisakan 10 zuwa da dawowa, ko da babu cunkoso ko kaɗan. Saƙon da ya tashi daga Garwa ba ya miƙewa arewa ta hamada, sai ya fara gangarawa kudu fiye da kilomita dubu zuwa gaɓar teku, inda wayoyin ƙarƙashin ruwa suke sauka a Duwala da Limbe da Kiribi, sannan ya zagaye Afirka ta Yamma kafin ya isa Turai. Idan hanyar ta kai kilomita 8,000, an riga an ci milisakan 80 kafin a lissafa jinkirin turakun waya da na'urorin da ke kan hanya. Sabobin Valve na nahiyar Afirka suna can Afirka ta Kudu, wadda ita ma ba kusa take ba. Mutumin da ke fafutukar rage milisakan uku daga allonsa alhali saƙonsa yana ɓata fiye da ɗari a hanya ya yi kama da mai wanke ƙafa a tsakiyar kogi. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, cikinsu har da WACS da SAT-3 da Kamaru ke amfani da su, mai tsadadden kati da mai kwamfutar gwanjo zama ɗaya suka yi.

Tsohon Counter-Strike yana da wata baiwa da sababbin wasanni da yawa suka yi watsi da ita, wato ana iya haɗa kwamfutoci goma da waya a ɗaki ɗaya, ɗaya daga cikinsu ta zama saba, a yi wasa ba tare da intanet ta shiga tsakani ba. A irin wannan haɗi jinkirin saƙo ba ya wuce 'yan milisakan, wanda ke nufin yaran da ke wani shago a Rumde Ajiya ko Yelwa suna samun amsar harbi da sauri fiye da mai buga sabon wasa ta intanet daga gidansa a Faris. Biyar suna fuskantar biyar, wanda aka harbe yana jin dariyar wanda ya harbe shi daga kujerar baya, ba a kuma sayen data. Wannan shi ne yanayin da wasan ya girma a cikinsa a shagunan intanet na Rasha da Burazil da Poland, kuma daga irin waɗannan ɗakuna ne ƙasashen suka fitar da zakarun duniya.

Kamfanonin wasa kuwa sun kama wata hanya dabam. A ranar 27 ga Satumba 2023 Valve ya maye gurbin Counter-Strike: Global Offensive, wanda ya fito a 2012 kuma yake tafiya a kan na'urori masu rauni, da Counter-Strike 2, wanda ke neman ma'ajiyar aiki ta gigabait 8 da fili na gigabait 85, ya kuma daina tallafa wa kwamfutocin Mac da tsofaffin tsare-tsare. Daga farkon 2024 manhajar Steam, wadda ta nan ake sayen wasannin kamfanin, ta janye tallafi daga Windows 7 da 8. Kamfani yana da 'yancin ciyar da hajarsa gaba, amma sauke sabon wasa a kan tsohon da mutane suka saba da shi hukunci ne da aka yanke da ɗan wasan Turai a zuciya, kuma sauke gigabait masu yawa haka da datar MTN ko Orange kaɗai ya isa ya kori mafi yawan matasan arewa. Nasarar Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, ta nuna cewa akwai kasuwa a ɗaya ɓangaren: wasan ya karɓu a Afirka da Kudancin Amurka da kudu maso gabashin Asiya ne saboda ya yarda ya yi tafiya a kan ƙananan wayoyi irin su Tecno da Infinix da itel, da zagaye na kimanin minti goma.

Sai dai cutar lamba ta bi 'yan waya har can. Ana sauke manhajojin da ke alƙawarin ninka gudun hoto, waɗanda mafi yawansu talla kawai suke nunawa, wasu kuma su jawo a rufe wa mutum asusunsa, alhali wayar tana cikin riga mai kauri, tana jone da caji, tana zafi kamar dutsen guga. Masu kwamfuta ma ba su tsira ba, domin kwafin 1.6 na bayan fage da ake yaɗawa da sunan an ƙara masa gudu yakan zo da ƙwayar cuta, kuma a 2019 kamfanin tsaro na Doctor Web ya bankaɗo wata mai suna Belonard da ke shiga na'urorin 'yan wasan ta sabobin bogi.

Mai shagon wasa a Garwa ko Marwa ko Ngaundare da ke da 'yan kuɗi a hannu zai fi cin riba idan ya fara da share na'urorinsa da sauya musu man sanyaya kafin bazara, ya ɗaga su daga ƙasa, ya sayi na'urar ajiyar wuta da za ta riƙe su idan an ɗauke, ya ja wayar haɗi maimakon dogaro da haɗi mara waya, ya kuma samo linzamai masu kyau, tunda linzami ne abin da hannu ke riƙe da shi. Idan wani abu ya saura, allo mai sabunta hoto sau 100 ko 144 ya fi sabon kati amfani ga wasan da kowace kwamfutar ofis ke iya ɗauka. Bayan haka sai ya ɗaure wasan a kan hotuna 100, ya kashe lambar da ke kusurwar allo, ya shirya wa yaran unguwa gasa ranar Asabar.