Taurin Ƙota: Awon Hannu da Awon Na'ura

Wata magana ta yi ƙarfi a bakin wasu 'yan ƙwallon lambu (golf) na Kano, musamman waɗanda suka je Dubai ko Landan aka auna bugunsu aka haɗa musu sanduna. Wai duk wanda ya ɗauki sanda ya kaɗa ta, ya kafa ta a ƙasa ya danna, sannan ya ce "yallaɓai, wannan ta yi maka tauri", shaci-faɗi yake yi. A wurinsu awo shi ne abin da ya fito a fuskar kwamfuta. Yaran da ke ɗaukar musu jaka kuwa, in suka yi irin wannan gwaji, sai a ce su daina wasa da kayan mutane. Ban yarda da wannan magana ba. Gwajin ƙota da hannu ilimi ne mai ƙa'ida, ya girmi filin wasan nesa ba kusa ba, kuma a cikin ganuwar Kano akwai waɗanda suka gaje shi.

Tarihin ƙotar sandar golf gajere ne. Har zuwa shekarun 1920 da icce ake yin ta, galibi hikori na Amurka. Hukumar wasan ta Amurka ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, ta Birtaniya da ke St Andrews ta biyo baya a 1929. Duk da haka a 1930 Bobby Jones ya cinye manyan gasa huɗu a shekara guda da sandunan icce, waɗanda ya tsince su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Sanannen labari ne a tsakanin masu wasan cewa da aka ɗora sandunan nan a ma'auni daga baya, duk sun yi daidai da juna in ban da guda ɗaya, wadda dama ya sha kuka da ita. A 1931 Billy Burke ya ci babbar gasar Amurka da ƙotar ƙarfe, daga nan kasuwar icce ta mutu. Ta zaren kabon ta shigo a farkon shekarun 1970, ga ta ba nauyi: ƙotar ƙarfe ta kan kai giram 120 zuwa 130, ta kabon ta dogon bugu kuwa giram 50 zuwa 70.

Da masana'anta ta karɓi aikin sai aka koma rubuta harafi a jikin ƙota: L ta mata, A ta dattawa, R matsakaiciya, S mai tauri, X mai tauri ƙwarai. Waɗannan haruffa su ne abin da masu raina awon hannu suka fi riƙewa, alhali su ne mafi rauni a cikin duk awon. Babu wata hukuma da ta tsayar da iyakar R ko mafarin S. Kowane kamfani da nasa ma'aunin, har ta kai S ɗin wani ta fi R ɗin wani laushi. Jadawalin da ke cewa mai bugun mil 90 a awa ya ɗauki R, mai mil 100 ya ɗauki S, shi ma kintace ne kawai. Ba sai na ɓata lokaci a kansa ba.

Awon da ya cancanci a saurare shi iri biyu ne. Na farko allo ne: a maƙale gindin ƙota, a rataya nauyi sananne a bakinta, a duba iya inda ta sunkuya. Na biyu na'urar ƙirga rawa, wadda Dokta Joseph Braly ya yaɗa amfani da ita a shekarun 1970: a damƙe wajen inci 5 na gindi, a ɗaura nauyin kimanin giram 205 a baki, a ja a saki, na'ura ta ƙirga sau nawa ta je ta dawo a minti guda. Ƙotar dogon bugu ta kan ba da wajen 250, wato kusan sau huɗu a sakan, kuma bambancin 10 ana ɗaukarsa matakin tauri guda. Wannan awo ne na gaskiya, ba na musun sa. Amma a lura da abin da yake yi: lanƙwasawa da kaɗawa. Su ne kuma abubuwa biyu na farko da mai sayar da sanda yake yi kafin ya miƙa maka ita.

Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma birnin da ke kewaye da ita bai taɓa rabuwa da icce mai lanƙwasa ba. Maharbi na neman baka, barde na neman ƙotar mashi, maƙeri ya gama bakin fartanya ko gatari sai masassaƙi ya yi masa ƙota, makiyayi ya shigo gari sai ya nemi sanda, dattijo na son kwagiri, magini na zaɓen azara. A Hawan Daushe da Hawan Nasarawa akan ga 'yan baka da masu māsu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da taurin da yake nema, kuma kuskure a da ba asarar ƙwallo ba ce, asarar rai ce ko ta daminar bana. Sun san ƙirya ta turmi da taɓarya ce, tauri gare ta amma ba ta rangwame. Marke na ƙota ne. Dargaza tana lanƙwasa ta dawo, shi ya sa ake son ta a baka da sanda. Gora ba nauyi, ga ƙarfi. Tsamiya kuwa duk wanda ya yi makarantar allo ya san halin tsumagiyarta.

Abin da na fi so a wannan sana'a, wanda kuma nake ganin ba a taɓa ba shi haƙƙinsa ba, shi ne gwajin dannawa da juyawa. Mai sanda zai kafa siririn bakinta a ƙasa, ya karkata ta, ya riƙe gindi da hagu, ya ɗora tafin dama a tsakiya ya danna. Ba da ƙarfi ba. Yana danna ne iya yadda za ta fara ba da kai, sai ya sassauta ya ji yadda take ture hannunsa. A wannan dannawa guda yana karanta abu uku. Yawan sunkuyawarta shi ne tauri. Saurin dawowarta shi ne rai, domin akwai sanda mai laushi da ke dawowa da hanzari, akwai kuma wadda ke dawowa a kasalance, ita ce ake cewa ta mutu. Na uku shi ne inda bakan ya fi zurfi: kusa da baki, ko tsakiya, ko can wajen hannu. Masu haɗa sandar golf suna da suna na musamman ga wannan wuri, suna kuma cewa wadda ke lanƙwasa kusa da baki ta fi ɗaga ƙwallo sama. Na'urar ƙirga rawa ba ta ganin wannan ko kaɗan, tunda gindi kawai ta damƙe. Ƙota biyu za su ba da 250 daidai, ɗaya bakinta kamar bulala, ɗaya kuwa a sandare. Sai daga baya aka ƙera wasu na'urori masu bin ƙota taki-taki suna auna taurin kowane yanki, domin a cike wannan giɓi.

Sannan sai juyawar. Yana riƙe da ita a danne, sai ya mirgina ta a hankali a ƙarƙashin tafinsa. In ka sa ido za ka ga a wani wuri sandar ta yi tsalle ta zame, kamar ba ta son tsayawa a wannan fuskar, ta koma ta kwanta a wata. Ya gano ƙashin bayanta ke nan. Babu iccen da ya girma da tauri ɗaya ta kowace fuska: ɓangaren da ya sha iska, da wanda reshe ya fito, da wanda ya karkata yana neman rana, duk sun bambanta. Masassaƙin kirki ba ya huda ƙota ya sa ruwan gatari sai ya san wannan fuska, domin in ya sa ta a karkace, gatarin zai riƙa kaucewa a sara, mai shi ya yi ta zargin hannunsa. To, ƙotar ƙarfe da ta kabon ma haka suke. Dokar wasan ta ce ƙota ta lanƙwasa daidai ta kowace fuska, amma takardun kabon naɗe su ake yi, kuma inda naɗin ya haɗu ya kan fi tauri. A ƙarshen shekarun 1990 wani kamfani a Amurka ya fito da na'urar gano wannan fuska, hukuma ta amince a 1999, yau mutane na biyan daloli a juya musu ƙota kafin a manna mata kai. Dabarar ita ce dai ta tafin hannu.

Bayan wannan akwai ƙananan gwaje-gwaje. Ya riƙe gindi ya kaɗa ta a iska, ya ji rawarta a wuyan hannu. Ya kama baki da gindi ya murɗa, ya ji ko tana bin murɗi, abin da masana'anta ke aunawa da digiri. Ya ƙwanƙwasa ta a dutse: busasshiya lafiyayya ƙararta a sarari take, mai tsaga ko wadda ƙwaro ya ci cikinta sai ta yi ƙara a dushe. In gora ce ta ɗan karkace, a shafa mata mai a gasa a wuta a miƙar da ita.

Masu sana'ar ba su karanta lissafi ba, amma suna aiki da shi. A sanda mai cikakken ciki, in kauri ya ninka biyu, tauri ya ninka 16. In tsawo ya ninka biyu, sunkuyawar baki a ƙarƙashin nauyi ɗaya ta ninka 8. Shi ya sa masassaƙi ke karce ƙota da kaɗan-kaɗan yana gwadawa, domin ya san ɗan abin da wuƙa ta ɗauke yana sauya hali da yawa. Shi ya sa kuma mai gyaran sandar golf ke yanke rabin inci daga siririn bakin ƙota in yana son ta ƙara tauri. Magini ma da ya ƙi ɗora azara a kan faɗin da ya wuce ƙima, ya gwammace ya yi baka ko ɗaurin guga, wannan lissafin yake bi.

Amma duk wannan rabin aikin ne, kuma a nan ne nake ganin na cikin gari ya fi jadawali. Mai sanda ba ya auna sanda ita kaɗai. Kafin ya taɓa ko ɗaya sai ya tambaya.

"Samari, ta kiwo ce ko ta tafiya?"

"Ta kiwo ce, Baba."

"To ɗaga wannan mu gani."

Yana kallon tsawonka, da faɗin tafinka, da yadda ka ɗaga ta: ko kai mai fizga ne, ko mai sakin hannu a hankali. Manoma biyu masu ƙarfi ɗaya ba lalle ƙota ɗaya ta yi musu ba, domin ɗaya sara yake da gaggawa, ɗaya kuwa nauyin fartanya yake bari ya yi aikin. A golf ma 'yan wasa biyu za su kai mil 95 daidai, ɗaya ya juyo daga sama da fizga har ƙota mai laushi ta rasa inda kanta yake, ɗaya ya juyo a natse, ƙota mai tauri ta zame masa sandar ƙarfe ba rai. Ƙwararrun masu haɗa sanduna sun san haka. Bayan na'urar radar irin TrackMan ta ƙasar Denmark ta gama zuba lambobinta, tambayar da suke yi ita ce yaya ka ji ta a hannu. Tauri ba sifar ƙota ba ce ita kaɗai, abu ne da ke tsakaninta da mai riƙe ta.

Wanda ke shakka ya leƙa filin folo. Wasan da Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungumi, ɗansa Sarki Usman Nagogo ya yi fice a cikinsa, har yau da ƙotar icce ake yin sa, wata irin gora mai cikakken ciki da ake kawowa daga Malesiya da Indonesiya, tsawonta inci 50 zuwa 54 gwargwadon tsayin doki. Babu biyu da suke ɗaya. Attajiri zai tsaya gaban tarin sanduna yana kaɗawa yana dannawa, ya ɗauki uku ya bar ashirin, kuma babu mai cewa camfi yake yi.

Na yarda hannu yana da iyaka. Ba ya rubuta lamba, don haka ba za ka aika wa wani a Legas abin da ka ji ba. Yana gajiya. Icce kuma yana sauya hali tsakanin hunturu da damina, wanda yana cikin dalilan da suka sa ƙarfe ya yi nasara. Sai dai a dubi halin da mai koyon wasa yake ciki a Kano. Da yawa sandunan gwanjo suke saye, jaka guda mai sanduna 14 daga kamfani uku ko huɗu, wata an yanke ta, wata an sauya mata ƙota, harafin wata ya goge. A irin wannan jaka harafi ba shi da amfani. Wanda zai jera su ya danna ɗaya bayan ɗaya, ya ce wannan ta bakwai ɗin ba 'yar gidan ba ce, shi ne ya yi maka aiki.

Don haka ra'ayina shi ne masu gyaran sandar golf na Kano daga cikin gari ya kamata su fito, daga gidajen sassaƙa da ƙira, da kuma cikin yaran nan masu ɗaukar jaka waɗanda sanduna suka fi wucewa ta hannunsu fiye da kowa. Allon awo ba abin tsada ba ne. Kowane kafinta zai haɗa shi da katako, da maƙali, da dutsen awo, da magwajin tela. Yaro ya fara danna ƙota ya faɗi abin da ya ji, sannan ya ɗora ta a allo ya rubuta abin da ta nuna, har hannunsa da lamba su saba da juna. Su kuma tsofaffin masassaƙa, ɗaliban Jami'ar Bayero masu karatun injiniya da na Hausa su je su zauna da su, su rubuta wane icce ake sara a wane wata, kwana nawa yake bushewa a inuwa, da kalmomin da suke rarrabe tauri da su, su kuma auna dargaza da marke da gora a kan allon nan guda da ake auna ƙotar kabon.