Allura a Tsakar Gida: Nazari kan Ɗinkin Hula

Idan aka idar da sallar Juma'a a Kano ko Zariya ko Damagaram, jama'a suka ɓarko, abin da ido zai fara cin karo da shi huluna ne: ƙube, damanga, zanna bukar, tangaran, 'yar Bama, kowace da launinta da zanenta. Mai hula ya san shagon da ya saye ta, ya san nawa ya biya, wani ma har da mai wankinsa na musamman. Amma da wuya ka sami wanda zai iya faɗin wanda ya ɗinka ta. Da yawa daga cikin hulunan nan a tsakar gida aka haife su, a hannun matan aure da 'yan mata, tsakanin sauke tukunyar rana da ɗora ta dare.

A da can ba haka rabon aikin yake ba. Allura ta maza ce, musamman malamai da almajirai, waɗanda hannunsu ya riga ya saba da zayyana a kan allo. Su ne ke zana aska biyu, aska takwas da malum-malum a kan babbar riga, su ɗinke da zaren tsamiya ko alharini. Mata kuwa nasu kaɗi ne: su gurje auduga, su shiɓe, su murza mazari, su sayar wa masaƙa zare. Da masaƙun zamani suka kafu, tun daga ta Kaduna da ta fara aiki a 1957, sai zaren inji ya cika kasuwa, kaɗi ya ja baya. Maza kuma suka karkata ga keken surfani, boko da aikin gwamnati suka janye wasu. Nan ne mata suka ajiye mazari suka ɗauki allura. A birnin Zariya abin ya yi ƙarfi sosai tun wajen shekarun 1970 zuwa 1980, har matan da suka fara da hula suka kai ga yi wa manyan riguna aikin hannu.

Sai mutum ya zauna kusa da mai ɗinki zai gane nauyin aikin. Ana kawo mata farin ƙyalle wanda mai zane ya riga ya fitar wa fasali da biro, jikin hula daban, kanta daban. Ta naɗe ƙyallen a ɗan yatsa, ta huda ƙaramin rami, ta kewaye bakinsa da zare har ya zama ido, sannan ta matsa gaba kaɗan ta huda wani. Irin waɗannan idanu dubbai ne ke haɗuwa su ba da dagi ko wani fasalin da ake hangowa daga nesa. In ta ja zaren da ƙarfi, ƙyallen ya tattare. In ta sassauta, idon ya buɗe baki. Dole jan farko da na ƙarshe su zo daidai, ko da makonni ne tsakaninsu. Shi ya sa gwanayen saye ba sa tsayawa kan fuskar hula. Juya ta suke yi su dubi cikinta. Nan ake ganin ƙulli, nan ake ganin inda aka yi gaggawa.

Abin da ya sa ɗinkin ya zauna daram a cikin gida shi ne ya dace da yadda ranar mace take. Ba ya son wutar lantarki, ba ya son shago, ba ya ƙara, ba ya lalacewa in an ajiye shi. Yaro ya yi kuka, ta soke allurar a jikin ƙyalle ta tashi, in ta dawo ta ɗora daga inda ta tsaya. Mace mai kulle tana iya yinsa ba tare da ta taka ƙofar gida ba, yara su karɓo mata zare su mayar da aiki. Ga kuma hira: kishiyoyi, facaloli da maƙwabta kan baje tabarma ɗaya bayan azahar, kowa da nata a hannu, yarinya na gefe tana koyo a kan guntun ƙyalle. Saboda haka a nan ba a raba nishaɗi da sana'a. Aikin da ke ɗebe mata kewa shi ne ke zuba mata adashi, shi ne ke tara wa 'yarta kayan ɗaki.

An ga ƙarfin wannan gado ƙarara bayan da Boko Haram ta mamaye garin Bama a watan Satumba na 2014. Mutane suka tsere zuwa Maiduguri, suka bar gona da gida da dukiya. Abin da ba a iya ƙwace musu ba shi ne gwanintar yatsunsu. A sansanonin gudun hijira mata da samari suka koma ga allura, hular Bama ta ciyar da gidajen da ba su da wata madogara.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙar. Mai ɗinki ce ke shan wahalar ido da ciwon baya, amma ladan da ake ba ta ƙalilan ne idan aka gwada da kuɗin da hular za ta yi bayan an haɗa ta, an wanke, an sa mata sitaci, an jera ta a shago. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Yawanci mai ba da aikin ne ke yanka farashi, ita kuwa ba ta ga kasuwar da ido ba, balle ta yi ciniki. Ga kuma hulunan inji masu araha, waɗanda ke kwaikwayon zanen hannu, mai saye na nesa ba ya bambancewa. Idan lada bai taka kara ya karya ba, dole mai ɗinki ta rage tsanaki don ta gama da wuri, ingancin da ake taƙama da shi ya fara zubewa.

Ba a rasa mafita ba. A Zariya, ƙungiyar mata masu aikin hannu da ke ɗauke da sunan Sarauniya Amina, wadda aka kafa a 1994, ta nuna cewa zanen babbar riga na iya komawa kan mayafin tebur, rigar matashi da jaka, ya sami masu saye har ƙasashen waje. Yau kuma waya ta buɗe wata ƙofar: mace na iya ɗaukar hoton aikinta ta sa a WhatsApp, mai so ya yi magana da ita kai tsaye.

Abin da ya rage namu ne, mu masu sawa. Mu riƙa tambayar mai shago ko aikin hannu ne, kuma daga wane gari, mu yarda mu biya bambancin. Masu ba da aiki su daina auna lada da ƙanƙantar hula, su auna shi da kwanakin da ta ci. Iyaye mata kuma kada su ji kunyar miƙa wa 'yar makaranta allura, domin littafi da ɗinki ba sa faɗa da juna. Fasahar da ba a biyan mai ita yadda ya kamata, 'ya'yanta ba za su gaje ta ba.