Alhaji Abubakar Imam: Tsakanin Aji, Ofishin Jarida da Ƙagaggen Labari

Duk ɗalibin da ya taɓa zama a ajin adabin Hausa ya ji sukar da ake yi wa Alhaji Abubakar Imam, wato wai shi ba maƙagi ba ne, mai aro ne kawai. Masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da cewa labaran Magana Jari Ce daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Grimm na Jamus da littattafan Indiya aka tsinto su. Aron kam an yi shi. Amma kafin a yanke wa marubuci hukunci ya kamata a dubi irin zaman da ya yi, da aikin da yake ci da shi, domin a nan za a gane dalilin da ya sa rubutunsa ya fito yadda ya fito.

An haifi Imam a Kagara a 1911. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kama aikin koyarwa a Midil ta Katsina a 1932. Yana wannan aiki ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar rubuta labarai a 1933. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, wansa Bello Kagara kuma da Ganɗoki. Ashe ke nan mutumin da ya ƙago Alhaji Imam da Malam Zurƙe malamin makaranta ne ɗan shekara 22, wanda kullum yake tsaye gaban yara, ya san abin da ke sa su dariya da abin da ke sa su gyangyaɗi. Wannan ya bayyana a zubin littafin. Labarin a gutsure yake, gari bayan gari, kowace haɗuwar taurarin nan biyu da nata rikicin da nata ƙarshen, daidai abin da za a karanta a zama ɗaya.

A 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya don ya rubuta littattafan karatu na makarantu. Cikin wata shida ya haɗa Magana Jari Ce, littafi uku, labari fiye da 80. Aikin hukuma ne mai wa'adi, an kuma tara masa littattafan ƙasashen waje don ya duba. Wanda aka ba wannan aiki dole ya yi aro. Abin tambaya shi ne me ya yi da abin da ya aro. A dubi labarin Kalala da Kalalatu. Asalinsa na wata kuku ce Bajamushiya da ta cinye kaji biyu, ta raba maigida da baƙonsa da ƙarya. Imam ya mai da shi rikicin miji da mata a gidan Bahaushe, har mai karatu ya rantse ya san gidan. Haka kuma akun da ke ɗebe wa Musa kewa don kada ya fita: dabarar ta Indiya ce, amma fadar da waziri da makircinsa da bakin akun duk namu ne. Wanda ya ari riga ya sāke ɗinka ta har mai ita ya kasa shaida ta, ai ya cancanci a kira shi maɗinki.

A ganina inda ya kamata a soki Imam daban ne. Malamin da ke cikinsa yakan rinjayi mai ba da labari, sai ka ga an ja labari zuwa ga darasi ko da bai nemi haka ba. Sannan yawancin labaran daga zauren sarki ake hangen duniya, talaka kuwa sau da yawa abin dariya ne ko abin tausayi.

Babbar hasara kuma ita ce ta 1939, lokacin da ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo. Ya shafe fiye da shekara goma a wannan kujera, daga nan siyasa da aikin gwamnati suka karɓe shi. Bai ajiye alƙalami ba, don tafiyarsa Ingila a 1943 ta haifi Tafiya Mabuɗin Ilmi, ya kuma yi littattafan addini da tarihi. Amma har ya rasu a 1981 bai sāke ba mu ƙagaggen labari mai girman na farko ba. Jarida ta sami edita, adabi ya rasa gwaninsa tun bai kai shekara 30 ba.

Darasin da ke nan ga 'yan ƙungiyarmu masu sha'awar rubutu a fili yake. Aikin da mutum ke ci da shi yana iya zama rijiyar da zai ɗebi labari, yana kuma iya shanye shi. Sai kowa ya san yadda zai raba wa alƙalaminsa lokaci tun da wuri.