Siminti a Kan Jar Ƙasa: Gyaran Ƙofar Gida a Bacirawa

A Bacirawa da ƙauyukan Ungogo da ke kewaye da ita, gyaran ƙofar gida aiki ne da maigida da 'ya'yansa kan yi da hannunsu, galibi bayan an kai amfanin gona gida ko kuma gab da Sallah. A zaure ake karɓar baƙi, a kan dakali dattawa ke shan hantsi, saboda haka nan ido ke fara sauka.

Abin da ake yayi yanzu shi ne a sayi buhun siminti ɗaya ko biyu a shafe fuskar zaure, a bi da fenti, in da hali a sa ƙofar ƙarfe. Ƙofar ba ta da laifi, domin gara ba ta cinta. Shafen ne abin dubawa. Siminti ba ya kama jar ƙasa yadda yake kama bulo, ko da an kafa ƙusoshi a bangon kafin a shafa. Da zarar ya tsage, ruwan Agusta sai ya bi ta tsagar ya shige ciki, ya rasa hanyar fita. Daga waje bango fes, daga ciki kuwa tubali na jiƙewa, har ranar da ɓawon simintin zai ɓallo gaba ɗaya ya tafi da rabin ƙasar. Tamkar rufe gyambo ne da sabuwar riga.

Maginan da sun san maganin wannan. Suna yaɓe da ƙasa da aka cuɗa da ciyawa, su bi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko su yi laso da katsin marina. Irin wannan shafe yana barin bango ya bushe bayan ruwa ya ɗauke. Aibinsa: sai an riƙa sabunta shi, kuma ɗorawa na raguwa yayin da filotai ke cinye gonakin gefen Kano. Duk da haka, gidan da ba a shirya rushe shi a yi na bulo ba, yaɓen ƙasa ya fi masa. In dai sai an taɓa siminti, to a kai shi dakali da rariya da inda indararo ke zubar da ruwa, don nan ne ruwa ke zaizaye gindin bango.

A fannin shuka kuwa, sabon yayin ya yi daidai. Fili ya ƙuntata, sai mata da matasa suka koma cika tsofaffin buhuna da ƙasa da takin awaki da ɗan toka, su jera su a tsakar gida, su shuka alayyahu da yakuwa da kuɓewa da tattasai. Reshen zogale ma in an kafa shi a jikin danga kamawa yake yi, ya zama shinge, ya zama abin kwaɗo. Ruwan alwala ya ishi gindin gwanda guda. Babban abokin gaba shi ne akuya, musamman da rani in an saki dabbobi daga turke, don haka ƙayar magarya ko dangar kara ta zama dole.

Darbejiya tana ba da inuwa mai kyau a ƙofar gida, amma saiwarta kan tsaga bango da dakali. A dasa ta nesa da ginin da taku biyar ko fiye.